Magogin Goron Baba Kofur

Jandarman da ya zazzage jakata a bakin gadar shiga Njamena bai kula da tsummokaran da ke ciki ba. Abin da ya tsone masa ido shi ne magogin goro. Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar wanda ya kamo ɓera, ya nuna mariƙinsa, ya yi ta zuba mini Faransanci da Larabci. Ni kuwa ko ɗaya ba na ji. Tasi'u, abokin tafiyata mutumin Kwandiko, ya matso ya raɗa mini, "Haladu, ka ga abin da na faɗa maka ko? Kwanson harsashi ne a jikinsa. Ka bar masa kawai mu wuce."

Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan bar shi ba. Na ciro ɓarin goro daga aljihu, na miƙa hannu biyu na karɓi magogin, na goga a tafin hannuna, sannan na lanƙwashe leɓɓana ciki na yi ta mamular baki kamar tsohon da ba shi da haƙori. Jandarman ya dube ni, ya dubi garin goron, sai ya fashe da dariya har yana dafa bindigarsa. Ya kira 'yan'uwansa, aka sa ni na maimaita. Magogin dai ya koma jakata, goron da na yi guzuri kuwa ya koma aljihunsu gaba ɗaya.

Ba nawa ba ne, shi ya sa na yarda na zama abin dariya a kansa. Na mahaifina ne, wanda duk garin Sara ake kira Baba Kofur. Yana cikin sojojin da aka kai Laberiya lokacin yaƙinsu, ni ina goye. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba. In ka matsa masa sai ya ce tashi ka duba ko an ba akuya ruwa. Labari ɗaya yake bayarwa, na goro. Ya ce a can ya fara ganin goro a kan bishiyarsa, yana faɗowa yana ruɓewa ba mai ɗauka. Sai ya tuna da Iya, kakata, wadda haƙoranta suka zube, take daka ɓarin goro da dutse a bakin ƙofa, rabi ya shiga bakinta rabi ya bi ƙasa. Ya sami gwangwanin abincin soja ya fasa ya miƙar, duk ran da suka sami sararin zama sai ya yi masa 'yan huji da ƙusa. Ya naɗe gefensa, ya yi masa mariƙi da kwanson harsashi na tagulla. Ya dawo gida da shi cikin aljihun kakinsa, da goro cike da jaka, ya tarar har an yi wa Iya sadakar arba'in.

Bai yar ba, bai kuma ba kowa ba. Ya bar soja, ya yi gadi a wata makaranta a Birnin Kudu, daga baya ya koma gona. Wani abu da ya fashe kusa da shi a Laberiya ya taɓa masa muƙamuƙi, haƙoransa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya tun bai tsufa ba. Abin da ya ƙera wa uwarsa, shi ya gaje shi. Baba kuwa gara ka hana shi tuwo da ka hana shi goro.

Da na ce masa zan bi masu haƙar zinariya zuwa arewacin Chadi, bai ce kada in je ba. Ya kwance magogin daga igiyar aljihunsa ya ɗora mini a hannu. "Aro na ba ka, ba kyauta ba," in ji shi. "Ka dai ga bakina. Ba ni ba goro sai ka dawo mini da shi."

Na yi dariya na ce, "Baba, ai a kasuwar Gwaram masu gwangwani na yin irinsa a banza."

Ya ce, "Na sani."

Sai da na yi nisa na gane igiya ce tsohon ya ɗaura mini a ƙafa.

A Njamena muka faɗa hannun wani da ake kira Alhaji Mai Hanya. Hausa raɗau a bakinsa, carbi a hannu, goshi da tabon sallah. Ya tambaye mu garinmu, muka faɗa, ya ce ai kakarsa ma 'yar wajen ce. Da mun ce masa daga duniyar wata muka sauko, na tabbata can ma yana da kaka. Ya karɓi kuɗin motarmu da na wai hannun jari a injin gano zinariya, ya ce mu dawo da safe. Da safe muka tarar da tela a ɗakin yana ɗinki, ya ce shi tun bara yake nan. Baƙo ko da ido makaho ne, mu kuwa har da kurumta. Muka koma dakon albasa a kasuwa, muna kwana a barandar wani masallaci. Wani mai shayi Bagobiri ne ya riƙa ajiye mana gutsattsarin burodi, in mun yi godiya ya ce mu bari, shi ma wani ya yi masa haka.

Da muka haɗa na mota muka yi arewa. A bayan akori-kura aka jera mu, kowa da sanda a tsakanin ƙafafu ya riƙe don kada ya faɗo, ruwan sha yana warin fetur. Tun ina ganin 'yan ƙayoyi har ido ya daina ganin komai sai yashi da baƙin dutse. Duwatsun Birnin Kudu da muke rainawa, aƙalla ciyawa na tsirowa a tsakaninsu, in damina ta zo har ƙadangare ya yi ƙiba. A can ko tsuntsu ba ya gilmawa. Na yi kewar inuwar tsamiya, na yi kewar kukan kwaɗi a fadama, abin da a gida nake zagi saboda yana hana ni barci.

Aikin rami kuwa, wanda bai shiga ba kada ya ce zai iya. A zura ka da igiya, ka yi ta saran dutse da guduma cikin zafi, a jawo buhu sama. In an sami wani abu, mai rami ya cire na ruwa, ya cire na abinci, ya cire na inji, abin da ya rage ko tsinken sakace ba zai saya ba. Magogin yana ɗaure a ƙuguna cikin tsumma. Wani mai dafa mana abinci ya taɓa ɗauka zai goga citta, na yi masa rashin mutuncin da har yau in na tuna nakan ji kunya, don mutumin bai san abin da ya taɓa ba.

Akwai wani mai wayar tauraro da ke zuwa jefi-jefi, ka biya ka yi magana a gurguje. Na kira ƙanwata Ladidi. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko Baba ya haƙura ya sayi wani.

Ta ce, "Yaya, ni da kaina na sayo masa sabo ranar kasuwa. Ko karɓa bai yi ba. Cewa ya yi, ni ban ce ba ni da magogi ba, nawa tafiya ya yi. In an kawo goron suna ko na ɗaurin aure sai ya sansana ya ba Malam Liman."

Na ji haushi, wallahi na ji. Na ce wannan wane irin taurin kai ne, mutum ya azabtar da kansa don ya azabtar da ni. Amma da na koma rami na kasa ɗaga guduma. Ina ganinsa a zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da ya saba gogawa, hannunsa yana zuwa aljihu yana dawowa wayam.

Na so in juyo tun lokacin, kunya ta hana ni. Yaya zan shiga Sara hannu rabbana, bayan na sayar da ɗan bijimina na fito? Na ce bari in ƙara wata guda, wata ya zama damina, damina ta wuce wata ta kama hanya. Ramin ne ya yanke mini shawara. Wata rana da hantsi gefensa ya rufto ya danne mini ƙafar hagu. Tasi'u ne ya tone ni da hannunsa, ya ɗaure ƙafar da sanda, ya roƙi wani direba da ke gangarawa garin Abashe a gabashin Chadi ya sa ni a kan kaya. Ya cusa mini ɗan abin da yake da shi a aljihu ya ce, "Ni Libiya zan wuce. In ka riga ni zuwa, ka biya Kwandiko ka ce musu ina lafiya." Bayan na dawo gida na biya na faɗa. Har yau ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

A bakin wata kasuwa a Abashe direban ya sauke ni, ya yi mini nuni da wani lungu, ya ce, "Hausa, Hausa." Na ja jiki na jingina da wani bango, zazzaɓi yana kaɗa ni. Sai na ji wata murya a gefena tana cewa, "Kai, wane ne wannan ya tare mini rana?"

Ba Hausar ce ta sa ni kuka ba, na ji Hausa a wurare. Yadda ta ja maganar ne, sak irin na tsofaffinmu. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama a zaune kan tabarma, da faifan gyaɗa da kuka a gabanta, idanunta sun yi fari-fari.

Na ce, "Inna, baƙo ne. Daga Nijeriya."

"Ai bakinka ya faɗa. Daga ina?"

"Ƙasar Gwaram. Sara."

Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama fuskata, ta shafa. "Ni 'yar Wurno ce, ta ƙasar Birnin Kudu," in ji ta. "Shigo daga ciki, ɗan nan."

Sunanta Inna Asabe. Tana amarya ta fito da mijinta za su je hajji ta ƙasa, suna tafe suna aiki. A nan Abashe ciwo ya kama shi ya rasu. Ta ce ta zauna ne ta ɗan tara abin da zai kai ta gaba ko ya mai da ta baya, sai ga shi ba gaban ba bayan. Na taɓa ce mata Hajiya don girmamawa, ta ce, "Kul. Hanya na kama, ban isa ba." Wasu maƙwabta ne suka ba ta ɗaki. Ita ta aika aka kirawo maɗori, ita ta shimfiɗa mini buhu a zaure, kunun da ake kawo mata kuma sai ta rantse ta ƙoshi don in shanye.

Kuɗin haya ɗaya take karɓa a wurina, labarin gida. Har yanzu ana samun ɗinya a bakin rafi? Mata na yin gayyar sussuka? Ana kai amarya da ƙafa ko sai mota? Ta tambaye ni mutanen da na tabbata ƙasa ta daɗe da cinye su. Wanda ban sani ba sai in ce ban san shi ba, ita kuma ta ce, "Ai kai yaro ne," ta ci gaba da ba ni labarinsa kamar jiya suka rabu.

Wata rana bayan la'asar na ji ƙwas, ƙwas daga ƙofar ɗakinta. Na leƙa. Ɓarin goro ne wani ya ba ta, ta ɗora a kan dutse tana bugu da wani dutsen. Goron ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, ta bi shi da lalube. Labarin da Baba ya yi ta ba mu ne a gabana, da ransa.

Na rarrafa na tsinto goron, na wanke, na kwance tsummana. Na goga mata a tafin hannu. Ta zuba a baki ta lumshe ido. Can ta karɓi magogin ta shafa shi tun daga mariƙi har baki. "Wa ya ƙera wannan?" Na ba ta labarin tun daga Laberiya har ƙofar gidanmu. Ta ce, "Allah sarki. Ta tafi ba ta gani ba." Ta ƙara da cewa, "Kai kuma kana nan kana shan kunu, ubanka na can ba goro."

Da ƙafa ta fara taka ƙasa na shiga ɗinkin buhuna a kasuwa. Duk ran da na samu, sai in sayo goriya guda, mu zauna bayan la'asar. Na koya mata riƙon magogin, ta iya, har ta fi ni, don mariƙin ya zauna mata a hannu daram. A nan kasuwar ma na ari waya na sake kiran Ladidi. Wannan karon ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce Baba ya kwanta ciwo lokacin kaka, ya tashi, amma ba kamar da ba. "Yaya, in za ka zo, ka zo."

Abin da nake tsoro tun a rami ke nan, kada in shiga gari da magogi a aljihu in tarar da mutane zazzaune a kan tabarmi, kamar yadda shi ya tarar. Na sami wata motar shanu da za ta Njamena, direban ya yarda in bi shi a matsayin yaron mota.

Saura Inna. A can ba a ƙera irin wannan abu, masu cin goron garin da haƙoransu. Na ce abin da soja ya yi a daji, ni ma ɗansa ne. Na sami gwangwanin kifi da ƙusa, na wuni ina huda, na yi masa mariƙi da guntun icce. A idona ya yi kyau. Da safiyar ranar da za mu tashi na kai mata na ce ta gwada. Gogawa biyu ta yi ta janye hannu. Haƙoransa sun yi tsini kamar na karen daji, ya yanke ta a yatsa. Ta yi maza ta cusa yatsan cikin zane ta ce, "Ya yi, ɗan nan, ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ta ɗauko na Baba, ta riga ta wanke shi ta naɗe a sabon ƙyalle, ta miƙo mini. "Maza kai wa mai shi."

Motar tana ta hon a bakin titi. Na dubi jinin da ya ɓullo ta jikin zanenta, na dubi dutsen nan nata a gefen ƙofa. Na san ina juya baya za ta koma masa. Na warware ƙyallen, na sa mata na Baba a hannu, na ɗauki nawa.

Ta ce, "A'a, Haladu. Kayan aro ne."

Na ce, "Na sani, Inna. Da bakina zan faɗa masa."

Ta riƙe shi a ƙirji da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Ta ce in na bi ta Wurno in yi musu sallama, ko ba wanda ya amsa.

Duk tsawon hanyar, ina tsakanin ƙahonin shanu, abu biyu ke cin raina: in same shi da rai, in kuma na same shi me zan ce. Mutum ya bar goro damina biyu saboda kai, ka zo masa da gwangwanin kifi. A Birnin Kudu na sayi goriya fara guda ɗaya, iyakar tsarabata ke nan daga ƙasar zinariya.

Da la'asar sakaliya na shiga Sara ina ɗingishi. Daga nesa na fara duba ƙofar gida. Ba tabarmi, ba taro. Mutum ɗaya ne a gindin darbejiya, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar daga gona na dawo, ya tambayi hanya, ya dubi ƙafar. Ladidi ta fito da gudu tana salati, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Sannan ya shimfiɗo mini tafinsa.

"Ina kayana?"

Na ɗora masa. Bai ma kalla ba, da yatsa ya bi shi. "Wannan ba nawa ba ne."

Na ce, "Ba naka ba ne, Baba." Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga bangon da na jingina har yatsan da ta ɓoye a zane. Na gama na jira faɗa.

Ya ce, "Tsohuwa ce?"

"Tsohuwa ce tukuf."

"Ba haƙori?"

"Ko ɗaya. Da dutse take dakawa."

"A bakin ƙofa?"

"A bakin ƙofa, Baba."

Ya daɗe yana kallon hanya. Muƙamuƙinsa yana motsi. Can ya ce, "Ta ci?"

Na ce, "Kullum bayan la'asar. Har bakinta ya yi ja."

Ban taɓa ganin hawayen Baba Kofur ba sai ranar. Bai share ba, ya bar su suka bi gemu. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ya isa inda aka aike shi." Ya ja numfashi, ya gyara zama, ya harare ni. "Kai kuma ka zo da goron, ko shi ma ka ba wata?"

Na ciro goriyar. Ya ɓare ta da farce, ya ɗora a kan magogina, gogawa ɗaya ya ce, "Kash!" ya tsotsi yatsa. Na ce ya kawo in je gobe in sayo na kirki a Gwaram. Ya janye hannunsa.

"Ƙusa a karkace ake riƙe ta, kai ka riƙe a tsaye. Hankalinka ba ya wurin, yana gida." Ya sake gogawa a hankali, garin yana taruwa a tafinsa. "Bar shi. Nawa ma haka ya yanke ni ran da na gama shi. Shekaru ne suka kwantar masa da haƙora."

Ya yi bisimilla ya zuba a baki, ya lumshe ido, kamar yadda ita ma take yi.

Yanzu magogin gwangwanin kifi ne ɗaure a igiyar aljihunsa, ya fara laushi. Na koma gona, ƙafar takan tuna mini da kanta in hadari ya haɗo. Na je Wurno na yi sallamar da aka aike ni, na yi ta tambaya, ba wanda ya tuna wata Asabe da ta tafi hajji ta ƙasa. Inna ba ta da waya, ban kuma san wanda zan tambaya ba. A can ina kewar Sara, ga ni a Sara ina kewar wani zaure a Abashe. In la'asar ta yi Baba ya ciro goronsa, kafin ya fara gogawa yakan dubi gabas ya ce, "Ko ta samu na yau?"